Asalin kalmar Ispaniyanci almohada, watau matashin kai

A ƙasar Ispaniya, abin da ake ɗora kai bisansa wajen barci sunansa almohada. Ko da yake Ispaniyanci daga Latin ya tsiro, wannan kalma ba ta da tushe a Latin. Aro ce daga Larabcin Andalus, inda Musulmi suka yi mulki tun daga shekara ta 711 har faɗuwar birnin Garnada a 1492.

A Larabcin littafi ana cewa mikhadda, daga khadd, watau kumatu. Ɗafin mi- shi ke gina sunan kayan aiki, kamar a miftah, mabuɗi. Ma'anarta ta farko ke nan: abin ɗora kumatu. Mutanen Andalus sun maida mi- zuwa mu-, suna cewa al-mukhadda, kuma da wannan siga Kiristocin ƙasar suka ji ta.

Abu biyu ya same ta bayan aro. Na farko, al- ya manne mata har ya zama ɓangaren jikinta, domin masu aron ba su san harafin fayyacewa ba ne. Shi ya sa yau ake ƙara mata wani, a ce la almohada. Hausa ta bi wannan hanya a albasa, alkama da almakashi. Al-ƙadi ma ta ba Hausa alƙali, ta ba Ispaniyanci alcalde, magajin gari.

Na biyu, sautin kh, wanda babu shi a Ispaniyancin wancan zamani, an musanya shi da f ko h. Harshen Fotugal ya tsaya ga almofada. A Ispaniya h ya rinjaya, daga baya furucinsa ya ɓace, sai a rubutu ya saura. Bahaushen Maradi mai cewa tahi inda na Kano ke cewa tafi ya san kusancin sautukan nan.

Kada a haɗa ta da daular Almuwahhidun, wadda Ispaniyawa ke kira almohades. Tushen wannan suna tauhidi ne. Kamar ta tsaya ga sauti kawai.

Hausa ba ta ari wannan kalma ba, ta gina matashi da ɗafinta ma-, ɗan'uwan mi- na Larabci. Masu tsara kalmomin littattafan yaƙi da jahilci suna da hanyoyin nan biyu, aro da gini. Kafin a kori kalma don baƙuwa ce, ya kamata a duba ko ta riga ta zauna a bakin jama'a, kamar yadda almohada ta zauna.