Ban-ruwa Kamar Rabon Tuwo Ne

A gida mai yawan iyali, uwargida ba ta kwasar tuwo da ka. Ta san malmalar maigida, ta san ta saurayin da ya wuni yana huɗa, ta san ɗan curin da za ta ajiye wa yaron da aka yaye jiya. In ta cika wa yaron akushi, zai ɗan taɓa ya ture, tuwo ya yi kwantai, wani kuma ya kwana da yunwa. Haka ban-ruwa yake a lambunan Danja, daga Kahutu zuwa Dabai da Tandama, inda tumatir da rake da albasa ke riƙe da jama'a idan damina ta wuce.

Kowace shuka da girman cikinta. Rake shi ne ƙaton gida, ya sha ya nemi ƙari. Tumatirin da aka dasa makon nan kaɗan-kaɗan yake so, amma a kai a kai. Wanda ya fara 'ya'ya kuwa, in aka bar shi da ƙishi sannan aka malala masa ruwa lokaci guda, sai 'ya'yan su tsattsage tun ba su shiga kwando ba. Ita albasa, idan ta kusa cira janye mata ruwa ake yi, don kada ta ruɓe a ajiya.

A zamanin jigo, wanda ya ɗago guga da ƙarfin damtsensa ya san darajar ruwa. Yana tsaye da fartanya, kwami na ƙoshi zai toshe bakinsa da laka ya buɗe na gaba. Da injin ban-ruwa ya yawaita, musamman bayan shirin Fadama na shekarun 1990, sai hannu ya saki. Za ka ga an ta da inji, an jefa tiyo, an koma inuwa ana hira. Ruwa na ambaliya yana wanke takin da aka saya da tsada, saiwa na ruɓewa, na ƙasan rafi yana ta jiran tsammani.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace lita sai an ji ta a jika. Wasu sun mayar da injinsu mai amfani da gas, wasu sun koma sola, wasu suna sha'awar siraran bututun nan masu ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Duka suna da amfani, amma babu wanda zai maye gurbin idon manomi.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka ta da inji, tona ƙasar ka damƙa. In ta dunƙule a tafinka, bar ta sai gobe. Ka ba da ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, kada rana ta raba shi da kai. Ruwan da ka tattala a Janairu shi zai kai ka Afrilu, kai da maƙwabcinka, lokacin da rafi ke ƙafewa, kwandon tumatir kuma yake ƙara daraja.