Cinikin gida: wa zai biya kuɗin awo na biyu?

An daidaita kan farashi, dillali ya yi sallama, an sa ranar kawo kuɗi. Sai mai saye ya ce yana son a kira géomètre, mai awon filaye, ya sake duba iyakoki, a kuma kawo wani masanin gini ya dubi tsagar da ke jikin katangar gabas. Nan take fuskar mai gida ta sauya. A Maraɗi, a Damagaram, a Tawa ko a Yamai, ciniki da yawa ya watse a daidai wannan gaɓa, bisa kuɗin da bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da kuɗin gidan kansa.

Hujjar mai sayarwa a bayyane take: ga acte de cession ɗinsa ko titre foncier ɗinsa, ga faɗin fili a rubuce, wanda ke shakka shi ya kamata ya biya. Mai saye kuwa cewa yake yi, ba ya zuba gumin shekaru a kan abin da ba a tabbatar masa ba.

Kundin dokokin farar hula, wato Code civil da Nijar ta gada daga Faransa, ya fi karkata ga mai sayarwa. Aya ta 1593 ta ɗora kuɗin takardu da sauran ɗawainiyar ciniki a wuyan mai saye. Don haka in ba a rubuta wani abu dabam ba, wanda ya nemi ƙarin bincike shi ke sa hannu a aljihu. Haka kuma in banki ne ya buƙaci a kimanta gidan kafin ya ba da bashi, mai cin bashin ake miƙa wa lissafi.

Sai dai wannan kuɗi ba asara ba ne, domin dokar nan tana ƙunshe da tarko ga mai sakaci. Aya ta 1641 ta kama mai sayarwa da alhakin ɓoyayyen aibi, amma ta 1642 ta wanke shi daga aibin da ke fili, wanda mai saye zai iya gani da idonsa. Katangar da ta tsage tun daga tushe, rufin da ya lotsa, tabon ruwa da ya hau bango: duk wanda ya wuce waɗannan ya biya, da wuya alƙali ya saurare shi daga baya. Bayan damunar 2024, wadda ta rushe dubban gidaje a ƙasar nan, har da tsohon masallacin Damagaram, ba mai hankalin da zai sayi gida a kwari ko a bakin gulbi ba tare da magini ya dubi harsashinsa ba. Sabon yaɓe da sabon fenti kan rufe abubuwa da yawa.

Batun faɗi ya fi wannan sarƙaƙiya. Idan an yi ciniki bisa kuɗin kowace mita, aya ta 1617 ta ba mai saye damar neman ragi daidai da abin da ya kasa. Idan kuwa jimla aka yanka wa gida farashi, kamar yadda aka saba, aya ta 1619 ba ta yarda da ragi ba sai giɓin ya kai kashi ɗaya cikin 20 na darajar abin da aka sayar. A filin da aka rubuta murabba'in mita 400, wannan yana nufin wajen mita 20. Wanda ya rasa 15 haƙuri ne nasa, sai fa in yarjejeniya ta tanadi wani abu. Wa'adin kai ƙara ma shekara ɗaya ce tak daga ranar ciniki, bisa aya ta 1622. Mutane da dama ba su gano giɓin sai ranar da suka tashi gina shago a bakin titi, shekaru bayan haka.

Akwai inda nauyin ke barin mai saye. In rigimar tsakanin gidan ne da maƙwabci, aya ta 646 ta ce kowane mai fili na iya tilasta wa maƙwabcinsa a kafa alamun iyaka, kuma a raba kuɗin aikin. Irin wannan rigima ta mai gida ce. Bai dace ya sayar da ita haɗe da gidan ba. A filin da bai da rajista kuwa, wanda ke hannun magada bisa shaidar mai unguwa, kotu kan koma ga al'ada, kuma a can ne awo ya fi zama wajibi.

Wasu ƙasashe sun yanke gardamar tun da wuri. A Faransa mai sayarwa ke biyan binciken da doka ta wajabta a kan gini. A Ingila mai saye ke ɗauko nasa masani ya biya shi.

A nan, abin da ƴan kasuwa masu wayo ke yi shi ne su rubuta sharaɗi kafin su ba da kafin alƙalami: mai saye ya biya géomètre da magini, in bincike ya fito lafiya, kuɗin ya tafi ke nan, in an samu giɓi ko aibi, a cire shi daga farashi, ko a mayar masa da abin da ya ajiye. Dillali ba ya son wannan sharaɗi, tunda la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa.