Man shafawa na gida: amfaninsa ga ciwon jiki da inda ƙarfinsa ya tsaya

Daga kasuwar Katako ta Yamai zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, da wuya yini ya wuce ba a ji wani yana kukan baya ko gwiwa ba. Ɗan dako mai loda buhunan albasa a Galmi, da ɗan ga-ruwa, da direban kamiyo mai kwana bisa hanya, da ɗan kasuwa mai zaman tabarma tun hantsi har la'asar, da ma'aikacin gomnati da ke yini bisa kujerar biro, kowa da irin gajiyarsa. Da yawansu sun saba da hanya guda: a tsai da mai tallar ƙwayoyi, a sayi biyu ko uku, a kora da ruwa.

Sayen magani a bakin titi ya ƙara ƙarfi bayan karya darajar kuɗin sefa da aka yi ranar 12 ga Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, farashin magungunan da ake shigowa da su kuwa ya yi tsalle. Sai dai araha ba ta ado. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa, a ƙasashe masu tasowa, kusan magani 1 cikin 10 jabu ne ko maras inganci. Ko da ƙwayar ta gaskiya ce, irin su diklofenak da ibuprofen, shan su kullum ba tare da shawarar likita ba yana iya jawo gyambon ciki, ya raunana ƙoda, ya ƙara hawan jini. Tramol kuwa, an ga yadda yake kama mutum ya hana shi bari. To, ga ciwon gajiya da ƙananan ciwon gaɓoɓi, man shafawa da aka haɗa a gida yana iya rage dogaro ga ƙwayoyin nan, muddin an kiyaye awo kuma an san iyakarsa.

Abin da kowane sinadari ke yi

Jigon haɗin shi ne tonka, wato barkono. Yajin da ke cikinta sinadari ne da masana ke kira kafsaisin. A shekarar 1997 wani masani ɗan Amurka, David Julius, tare da abokan aikinsa, sun gano wurin da sinadarin ke kamawa a jijiyoyin da ke jin zafi, binciken da ya ba shi rabo a kyautar Nobel ta 2021. Idan aka shafa kafsaisin ga fata, da farko yana tsokanar jijiyoyin, a ji ɗumi da ɗan raɗaɗi. In aka ci gaba da shafawa kullum, sai jijiyoyin su gaji, saƙon ciwon da suke kai wa ƙwaƙwalwa ya ragu. Saboda haka ne ake samun man kafsaisin a farmasi na ƙasashe da dama, galibi mai ƙarfin kashi 0,025 zuwa 0,075 cikin 100, ƙanƙanen awo da ke nuna cewa kaɗan ya wadatar.

Man gujiya shi ke jan yajin daga garin tonka, domin kafsaisin yana narkewa cikin mai, ba ya narkewa cikin ruwa. Man kaɗe, wanda itacensa ke tsirowa a kudancin ƙasa wajen Gaya, yana tausasa fata, yana kuma narkewa da ɗumin jiki, ta yadda hannu ke samun santsin tausa. Kakin zuma, mai narkewa wajen digiri 63, shi ke ɗaure haɗin kada ya zama ruwa. Citta da kanumfari suna ƙara ɗumi da ƙamshi, amma shaidar bincike a kansu ba ta kai ta tonka ba. Ita kanta tausar tana da nata rabo cikin sauƙin da ake samu.

Yadda ake haɗawa

Ana bukatar man gujiya rubu'in lita, da man kaɗe mai tsabta gram 100, da kakin zuma gram 50, da garin busasshiyar tonka babban cokali 1, da garin citta cokali 2, da ƙwayar kanumfari 10 da aka daka. Yajin da aka haɗa da gishiri da ƙuli-ƙuli don cin nama bai dace da aikin ba. Tsantsar tonka ake so. Kome ya kasance busasshe, domin ɗigon ruwa kaɗan yana sa man ya yi funfuna.

Ana zuba man gujiya da garin a cikin ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin tukunya mai ruwan zafi bisa wuta marar ƙarfi, ana motsawa jefi-jefi har tsawon awa guda. Ba a ɗora man kai tsaye bisa garwashi, don in ya soyu garin zai ƙone, hayaƙinsa kuma ya shaƙe mutanen gida da tari. Bayan ya huce kaɗan sai a tace da ƙyalle mai tsabta har sau biyu, kada a bar ko ɗan gari da zai ci fata. Daga nan a mai da man bisa ruwan zafi, a saka kaki da man kaɗe har su narke, a juye cikin busasshiyar kwalba mai murfi.

A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Maraɗi, ana ƙara kaki kaɗan. Hausawa sun ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Mai wannan haɗi kuwa zai kare shi daga rana da ruwa gaba ɗaya. A rubuta suna da ranar haɗawa jikin kwalbar, a ajiye ta a inuwa nesa da yara da kayan miya. Bayan wata 6, ko da zarar warinsa ya sāke, a zubar.

Yadda ake shafawa

Kafin a fara, a shafa ɗan kaɗan a cikin damtse, a jira yini da kwana. In wurin ya yi ƙuraje ko ya tashi, man bai karɓi mutumin ba. In ba a ga kome ba, sai a riƙa shafa ɗan kaɗan sau 3 a yini, ana murzawa a hankali. Ga ciwon gwiwa na manyanta, sauƙin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya bayyana sosai, don haka mai gaggawa da ya ninka tonka ƙuna kawai zai saya wa kansa.

Bayan shafawa a wanke hannu da sabulu sosai, musamman kafin alwala ko tsarki, domin ruwa kaɗai ba ya fid da yajin. Ba a shafawa ga rauni, ko fuska, ko fatar da ta tsage. Ba a ɗaure wurin tamau, ba a kuma gasa shi da ruwan zafi ko garwashi bayan shafawa. Ba a shafa wa yara, mai ciki da mai shayarwa kuma su tambayi likita tukuna. Kananzir da man mota da dakakkun ƙwayoyi ba su da gurbi cikin haɗin. Kafur ma a bar shi, domin ɗan kaɗan da yaro ya haɗiya yana iya sa shi farfaɗiya.

Inda man ba shi da ta cewa

Babban haɗarin ba ya cikin kwalba, yana cikin jinkiri. Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da ke lalata ta cikin ƴan kwanaki. Yaron da ƙasusuwansa ke ciwo lokaci-lokaci, ana ce masa sanyin ƙashi, yana bukatar gwajin amosanin jini, wato sikila, cutar da ke da cibiyar ƙasa ta musamman a Yamai. Babban yatsan ƙafa da ya kumbura dare ɗaya yana iya zama alamar taruwar gishirin yurik cikin jini, wanda ke da nasa magani. Ciwon baya da ke sauka ƙafa da mutuwar jiki ko kasa riƙe fitsari, da ciwon ƙirji mai yaɗuwa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, da sha'raɓar da ta kumbura ita kaɗai bayan doguwar tafiya a mota, duka na asibiti ne nan take. Haka nan targaɗe ko faɗuwar da ta hana taka ƙafa.

Ko ciwon gajiya ne, in an yi mako guda ana shafawa yana ƙaruwa, lokacin ganin likita ya yi. A farmasi ma akwai diklofenak na shafawa, wanda bincike ya tabbatar da amfaninsa ga gwiwa da hannu, kuma bai kai na sha wahalar da ciki ba. Ɗan dako ya durƙusa da gwiwa in zai ɗaga buhu, ma'aikaci ya tashi daga kujera ya taka kowace awa, mai ƙiba ya rage nauyin da gwiwarsa ke ɗauka. Da waɗannan ne man shafawa ke cika aikinsa, kuɗin ƙwayoyi kuma su koma ga cefanen gida.