Ko Ka Sani? Robar Bakin 'Yan Wasa da Ake Yi wa Awo Kamar Riga

Ko ka san cewa duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai farin ɓawon haƙori tauri, amma idan ya ɓantare ba ya sake tohowa? Ƙashi in ya karye ana kai shi wurin mai ɗori ko asibiti, bayan 'yan makonni ya haɗe. Fata in ta tsage a ɗinke ta, ta warke ta bar tabo. Haƙori kuwa ba shi da ɗori. Daga ranar da yaro ya gama famfara, waɗanda suka fito su ne rabonsa har tsufa. Wanda ya fita ya bar giɓi ke nan, sai dai a cike gurbin da na roba, ko a dasa na ƙarfe da kuɗi masu nauyi. Shi ya sa 'yar robar nan da muke gani 'yan damben zamani suna cusawa a baki kafin a buga ƙararrawa ta fi ƙarfin raini, ko da yake ba ta cika tafin hannu ba.

Daga dambe ta samo asali. 'Yan damben Turawa na ƙarni na 19 sukan tura auduga, ko soso, ko guntun katako a baki su datse, don kada haƙora su keta musu leɓe. Wahalar a bayyane take: mutum yana neman ransa a fage, kuma dole rabin hankalinsa ya tsaya kan abin da ya ciza kada ya faɗi. Wajen shekarar 1890 wani likitan haƙori a Landan mai suna Woolf Krause ya fara yi musu kariya da ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya, wanda yake laushi a ruwan zafi ya sandare in ya huce. Ɗansa Philip, likitan haƙori ne shi ma kuma yana taɓa dambe, shi ya gyara ta har ta zama abin da za a cire a wanke a sake sawa. Zakaran Ingila Ted Lewis yana cikin na farko da suka shiga fage da ita, kuma a karawarsa da Jack Britton a 1921 ɓangaren Britton suka ce ba su yarda ba, wai ai wannan fifiko ne.

Wani dare a 1927 ne ya sauya ra'ayin mutane. Mike McTigue, tsohon zakaran duniya haifaffen Ailan, ya kara da Jack Sharkey a birnin Niyu Yok, yana kuma kan gaba a wasan. Sai haƙori ya yanke shi a cikin baki, jini ya ƙi tsayawa, aka tsayar da faɗan a turmi na 12 aka ɗaga hannun Sharkey. Haƙorinsa ne ya raba shi da nasarar da ya kusa kamawa. Daga nan robar ta samu gindin zama a dambe, har ta shiga jinin 'yan wasa. Wanda ya kalli faɗan Tokiyo na 11 ga Fabrairun 1990 zai tuna Mike Tyson a ƙasa a turmi na 10, bayan Buster Douglas ya kai shi, alƙali yana ƙirga shi kuma yana rarrafe yana laluben robarsa, ya same ta ya tura a baki a karkace. Sauran wasanni a baya suka biyo: a Amurka an wajabta ta ga masu buga ƙwallon ƙafa irin nasu a makarantun sakandare a 1962, a jami'o'i kuma a 1973.

To me take yi a cikin bakin? Ka tuna gammo. Mai ɗaukar tulu ba ta rage wa tulun nauyi da gammo, sai dai gammon ya baza nauyin a faɗin kai maimakon ya taru a tsakiya. Haka robar take. Gwiwar hannu ko dunƙule in ya sauka a baki tsirara, duk ƙarfin yakan ƙare ne a kan haƙori ɗaya ko biyu, galibi manyan nan biyu na gaba a sama, waɗanda su ne suka fi kowane haƙori karyewa a wasa. In akwai roba, sai ta lotsa ta shanye wani kaso na bugun, ragowar ta raba shi ga jerin haƙoran gaba ɗaya, kowanne ya ɗauki ɗan abin da zai iya. Sannan ta shiga tsakanin kaifin haƙora da naman leɓe da kumatu, wato ainihin abin da ya ci McTigue. Akwai kuma bugun da yake zuwa ta ƙarƙashin haɓa, wanda yake sa muƙamuƙin ƙasa ya tashi ya gwabza haƙoran ƙasa da na sama kamar an rufe ƙofa da ƙarfi. A nan ne haƙoran tauna na can ƙurya suke tsagewa, a nan ne mutum yake datse harshensa. Roba a tsakani takan tare wannan gwabzawar. Mafi yawanci haƙoran sama kawai take rufewa, domin su ne a gaba, su ne kuma a kafe.

Sai dai duk wannan aikin yana rataye ne a kan sharaɗi ɗaya: robar ta kasance zaune daram a wurinta a daidai lokacin da bugun ya sauka. Bugu kuwa ba ya sallama. A nan ne robar wani ta bambanta da ta wani.

Iri uku ake samu. Akwai 'yar kanti, wadda aka zuba a ma'aikata da girma biyu ko uku, ka saya ka sa. Ba ta san bakinka ba, don haka ba ta kama komai, sai ka cije ta take zama. Da ka buɗe baki don shan iska ko kiran abokin wasa, ta sauko. Wato matsalar 'yan damben da ke cizon soso shekara ɗari da talatin da suka wuce ba ta gushe ba. Akwai ta biyu, wadda ake tsomawa a tafasasshen ruwa ta yi laushi, a sa a baki a ciza a danna da yatsa ta ɗauki siffar haƙora. Ta fi ta farko, kuma ita ce ta fi yawa a hannun 'yan wasa saboda araha. Aibinta yana cikin yadda ake yin ta: cizon da zai sa ta kama haƙora shi ne yake matse robar ta yi siriri a wuraren da aka fi buƙatar kauri. Sau da yawa kuma ba ta kai wa haƙoran ƙurya, ko ta yi tsawo ta taɓa ganda ta tayar da ƙaƙarin amai, sai ɗan wasa ya ɗauki almakashi ya rage ta, ya rage kariyar tare da ita.

Ta ukun ita ce ɗinkin tela. Likita zai cika wani ɗan cokali mai siffar baki da wani kwaɓi mai laushi da ake samu daga ciyawar teku, ya danna shi a haƙoranka na ɗan lokaci har ya kama. In aka cire, ga hoton bakinka a lotse: kowane haƙori, kowace wushirya, da tudun dasashi. Sai a zuba farar ƙasa irin ta ɗori a ciki, a samu gunkin haƙoranka. A wasu wuraren yanzu 'yar kyamara ake zagayawa da ita a baki, kwamfuta ta fitar da gunkin. Daga nan a ɗauki fallen wata roba da ake kira EVA, a gasa ta ta yi laushi, inji ya zuƙe iska ko ya danna ta da iska mai ƙarfi har ta lulluɓe gunkin ta shiga kowane lungu. Mai haɗawa yana iya ɗora falle a kan falle, ya ƙara kauri a gaba inda bugu ke sauka ya rage a wajen ganda inda harshe ke buƙatar fili. Kaurin da ake so a gaban haƙora milimita 3 zuwa 4 ne. Ƙasa da haka kariya ta ragu, sama da haka kuma takurar ta fi ƙarin amfanin. Daga ƙarshe a yanke gefuna daidai da iyakar dasashi, a goge su su yi santsi.

Gwajinta mai sauƙi ne. Sa ta, ka wangale baki, ka girgiza kai. Ta awo ba za ta motsa ba, sai ka sa yatsa ka ɓamɓaro ta. Saboda ita ke riƙe kanta, kana iya numfashi da baki buɗe lokacin da gudu ya yi gudu, kana iya yi wa abokinka magana ya ji, kana iya kurɓar ruwa ba ka cire ta ba. A ganina wannan ne babban amfaninta, ya ma fi ingancin robar kanta muhimmanci. Ɗan wasa ba ya jure abin da ke shaƙe shi. Zai sa a minti goma na farko don koci yana kallo, daga nan ta koma cikin safa ko aljihu, kuma haɗarin yakan zo ne can gaba, lokacin da gajiya ta sa hannuwa sun sauka.

Ga yaro mai wayar gyaran haƙori, ko wanda haƙoransa na sama suka turo gaba har leɓe ba ya rufe su, ta awo ta fi zama dole, domin irin wannan bakin ya fi saurin jin rauni kuma 'yar kanti ba ta hawa kansa. Sai dai bakin yaro yana girma, haƙora na fita wasu na fitowa, don haka awon bana ba lallai ya yi baɗi ba.

Ƙasar Niyu Zilan ta ba da misali mai kyau na abin da sa roba ke haifarwa. A 1997 aka wajabta ta ga matasa masu wasan zari-ruga, a 1998 aka faɗaɗa dokar ga duk wasannin cikin gida. Tsakanin 1995 da 2003, neman diyyar raunin haƙori daga wannan wasa ya ragu da kashi 43 cikin 100. Adadin ya haɗa kowace irin roba ce, har da masu araha, wanda ke nuna cewa ko ta ruwan zafin ta fi baki tsirara nesa ba kusa ba. Wanda bai da halin ta awo kada ya ce to a bar shi haka.

Wani abu da ya kamata a yi hattara da shi: masu talla sukan ce robar tana hana girgizar ƙwaƙwalwa. Binciken masana bai tsaya a magana ɗaya kan wannan ba, kuma babu robar da za ta hana ƙwaƙwalwa bugun ƙoƙon kai in kai ya fizgu da ƙarfi. Haƙori da leɓe da harshe, waɗannan ne aikinta tabbatacce. Abin sha'awa shi ne an samo mata wata hanyar taimakon ƙwaƙwalwar. Tun daga Janairun 2024 hukumar zari-ruga ta duniya ta shigo da roba mai 'yan na'urori a ciki a manyan gasanninta. Suna auna yadda kai ya fizgu a kowane karo, in ya wuce iyaka saƙo ya tafi wurin likitan da ke gefen fili a fitar da ɗan wasan a duba shi. An zaɓi baki ne saboda haƙoran sama a kafe suke a ƙoƙon kai, duk inda kai ya yi nan suke yi. Wannan ma ba ya yiwuwa sai robar ta kama haƙora gam, shi ya sa ake auna bakin kowane ɗan wasa.

Mu ma maganar ta shafe mu. A taikwando, wasan da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa da shi a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ba a barin ɗan wasa ya shiga fage babu roba a baki, fara ko garai-garai, don alƙali ya ga jini in ya fito. A tamaula babu dokar da ta wajabta ta, ga shi kuwa duk tsallen da aka yi don sa wa ƙwallo kai gwiwoyin hannu a sama suke. Amma inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan damben gargajiya. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa da kara har ya koma kamar dutse, ya miƙa ɗayan a matsayin garkuwa, kuma abin da ake nema shi ne kisa, wanda hanyarsa mafi kusa ita ce haɓa da muƙamuƙi. Duk mai zuwa kallo ya san yawan giɓin da ke bakin tsofaffin 'yan wasa. Roba ba ta rage wa naushi nauyi, ba ta taɓa kirari ko kiɗa, ba ta sauya komai a dokar turmi uku. Iyayen gida da masu shirya gasa da ke iya sa mota ko babur a matsayin kyauta, suna iya kai yaransu sashen haƙori na babban asibiti a tambaya. Ɗaukar awon baki aikin yau da kullum ne a can, da shi ake haɗa haƙoran roba.

Kula da ita ba wuya. A wanke da ruwan sanyi da sabulu bayan wasa, a bari ta bushe, a ajiye a ɗan akwati mai huji. Zafi ne ya ba ta siffa, zafi kuma zai ƙwace, don haka kada a bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota. Ba a aron ta, ba a kuma tauna ta, ko da yake yara da yawa sun koyi hakan daga Stephen Curry na ƙwallon kwando, wanda ya yi suna da wasa da tasa a gefen baki. In ta huje ko ta saki, a sake wata.

In kuma ƙaddara ta riga fata haƙori ya fita ɗungurungum, mintoci ne ke yanke hukunci. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, domin akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rai a jikinta waɗanda su ne za su sake manna shi da ƙashi. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta, ban da gogewa. In za a iya, a mayar da shi raminsa nan take, mai shi ya ciza tsumma mai tsabta a hankali. In ba a iya ba, a tsoma shi a madara, ko a tofa yawun mai haƙorin a ƙoƙo a sa shi ciki, a nufi likita. Kada a naɗe shi a takarda ko a jefa aljihu, domin in ya kai kamar awa ɗaya a bushe waɗancan ƙwayoyin sun mutu. Wannan duk ga haƙorin manya ne. Na yaron da bai yi famfara ba ba a mayar da shi, don kada a ji wa sabon da ke tasowa a ƙarƙashinsa ciwo.