Kan Sarki ko Harajin Taba: Hanyoyi Biyu na Ciyar da Binciken Sankarar Mama

Binciken cuta aiki ne mai cin kuɗi da cin shekaru. Likitan da ya fara gwajin magani bana, watakila sai bayan shekara goma zai san ko ya dace. Shi ya sa ake duba yawan kuɗin da za a ba shi, ake kuma duba ko za su ci gaba da zuwa. A Amurka an gwada dabaru biyu na tara wa binciken sankarar mama kuɗi ta hannun hukuma, kuma sun isa a auna su.

Ta farko kan sarki ce, wato tambarin da ake manna wa wasiƙa. Wani likitan fiɗa a Sacramento, Ernie Bodai, shi ya dage wa 'yan majalisa har aka yi doka a 1997, gidan waya kuma ya fitar da kan sarkin a watan Yulin 1998. A lokacin kuɗin aika wasiƙa senti 32 ne, shi kuwa ana sayar da shi senti 40. Rarar ce ake kai wa masu bincike: kashi 70 cikin ɗari ga Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, kashi 30 ga shirin binciken lafiya na Ma'aikatar Tsaro. Ba a tilasta wa kowa. Wanda ya ga dama ya saya, wanda bai so ba ya ɗauki na yau da kullum. Da yayyafi kogi kan cika: an sayar da sama da biliyan ɗaya, an tara fiye da dala miliyan 90.

Ta biyu haraji ce. A 1993 jihar Kalifoniya ta ƙara senti 2 a kan kowane kwalin taba sigari. Rabin kuɗin aka ware wa gwajin mata marasa ƙarfi don a gano cutar da wuri, kashi 45 kuma aka ba shirin bincike da Jami'ar Kalifoniya ke gudanarwa. A nan babu zancen ganin dama. Mai shan taba yana biya ko ya sani ko bai sani ba. Jiha ɗaya tak ta raba wa masu bincike fiye da dala miliyan 250 ta wannan hanya, ninki biyu da ɗoriya na abin da kan sarki ya tara a ƙasar baki ɗaya.

Idan kuɗi ake kallo, haraji ya yi wa kan sarki fintinkau. Masu tsara aiki suna iya ƙiyasta abin da zai shigo, su yi alkawarin tallafi na shekaru. Shirin na Kalifoniya yana kuma zaunar da matan da suka yi fama da cutar a kwamitin da ke shata abin da za a bincika, kuma ya ba da ƙarfi ga tambayar da kamfanonin magani ba su cika damuwa da ita ba: wane hannu sinadaran da ke kewaye da mutane ke da shi wajen haddasa cutar?

Kan sarki yana da nasa abin da haraji ba ya yi. Kowace ambulan da ta ɗauke shi tana shiga gida da sunan cutar a goshinta, wanda ya saya kuma ya san abin da ya yi da kuɗinsa. Sai dai kan sarkin yana raye ne da yardar majalisa, wadda sai ta sabunta izininsa lokaci bayan lokaci.

Akwai raunin da ya haɗa su. Kowannensu ya jingina da ɗabi'ar da ke ja da baya. Tun da intanet ta zo, aika wasiƙa ke raguwa. Masu shan taba ma raguwa suke yi a Kalifoniya, abin farin ciki ga likitoci, abin damuwa ga ma'ajin shirin, tunda senti 2 ɗin yana zuwa ne daga kwalin da aka saya.

A ganina haraji ne ya fi dacewa da ɗabi'ar bincike, domin ɗakin gwaji ba ya jiran ranar da zuciyar mai bayarwa ta motsa. Amma duk hukumar da za ta kwaikwayi Kalifoniya, gara ta ɗaura kuɗin a kan abin da mutane za su ci gaba da saye nan da shekara talatin.