Hoton Fure a Ranar Lumshi

Da yawa daga samarin Filinge da ƙauyukan Kurfai, tun da wayar salula mai ɗaukar hoto ta shiga hannun kowa, sun ɗauka cewa hoto ba ya kyau sai rana ta take, har idan gari ya yi lumshi a tsakiyar marka, cikin watan Agusta, sai su mayar da waya aljihu, alhali kuwa wannan ne lokacin da ma'abota sana'ar ɗaukar hoto suke jira in fure suke nufi.

Sababin haka yana ga ɗabi'ar haske. Shehin malami Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar cikin Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido. Idon waya ma haka yake. To, ranar azahar a kwarin Dallol Boso, inda rairayi ke mayar da haske sama, tana dukan fure daga wuri guda da ƙarfin da ke wanke launinsa, ta bar baƙar inuwa a ƙarƙashin kowane ganye. Girgije kuwa, kamar farin mayafi da aka shimfiɗa tsakanin rana da ƙasa, rarraba hasken yake yi ya zubo daga kowace nahiya, sai jan da ke can cikin zuciyar furen kuɓewa, da siraran jijiyoyin da suka ratsa rawayarsa, su fito sarai.

Sai dai kowace ni'ima da sharaɗinta. Idan haske ya yi ƙaranci, dole idon na'ura ya daɗe a buɗe, ta yadda abin da yake kamawa cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa a rana yana iya neman kashi 1 bisa 30 a lumshi, kuma a cikin wannan ɗan jinkiri rawar hannu ko kaɗawar iska ta isa ta dagula hoton. Saboda haka ka durƙusa, ka kafa gwiwar hannunka bisa gwiwar ƙafa, ka sa jikinka ya tare iska, ka riƙe numfashi, sa'an nan ka latsa a hankali. Kada ka kunna fitilar waya, don ita ce ke maido da illar da girgije ya kawar. In gefe guda ya yi duhu, farar takarda da yaro zai riƙe kusa da furen ta wadatar. Ka sani kuma gwargwadon kusantarka, gwargwadon ƙanƙantar wurin da zai fito tangaran, don haka ka taɓa allo daidai kan zuciyar furen, ka bar bayansa ya dushe. Jawo hoto da yatsu, a ganina, ɓata shi ne kawai. Matsawa da ƙafa ta fi.

Kowane fure da sa'arsa. Na kuɓewa da na wake da na kabewa da safe suke buɗewa, kafin azahar sun fara yaushi, na duma kuwa, fari fat, sai yamma ta yi. Tumfafiya, wadda ba mai kula ta a bakin hanya, furenta na da shuni a kan fari wanda ba a sanin kyaunsa sai an matso, amma a kiyayi farin ruwanta, yana cutar ido. Jumhurun malamai kuma ba su ga laifi ga surar abin da ba shi da rai irin na dabba ba, kamar itace da fure.

Fa'idar ba ta tsaya ga sha'awa ba. Manomin da ya ga furen wake na zubewa, ko wani ƙwaro ya shige cikinsa, in ya ɗauki hoto mai tsabta ya kai wa malamin gona, ya taƙaita dogon bayani. Haka ƙuduji, mai kyan fure da mugun aiki a gonar hatsi: ya kai mai karatu, in ka gama ɗaukar hotonsa, tuge shi tun bai zubar da iri ba.