Zane Maganin Firgita

A zangon karatun da ya wuce an kawo wani yaro ɗakin kwananmu daga Jihar Borno. Ba ya magana da kowa, kuma da tsakar dare yakan zabura yana ihu. Muka riƙa yi masa dariya, har da ni a ciki. Ran nan sai na ga bayan littafinsa na lissafi cike da zanen gidaje suna cin wuta, da mutane a kan babura riƙe da bindigogi. Tun daga ranar ban sake yi masa dariya ba. Da aka ba mu hutu na kai maganar wurin yayata, wadda ke aikin jin daɗin jama'a, ita ce ta wayar mini da kai.

Ta ce yaron da ya ga yaƙi, ko an daina harbi tsoro bai bar zuciyarsa ba. Yakan yi mugun mafarki, wani ya koma fitsarin kwance, wani ko ƙofa aka buga sai jikinsa ya ɗau rawa. In ka ce ya faɗi abin da ke damunsa sai ya yi shiru, don abin ya fi ƙarfin bakinsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, na irin waɗannan yara sai a tambayi takarda.

Ga yadda ake yi. Ma'aikaci zai zaunar da yara inda hankalinsu zai kwanta, ya ba su takarda da fensir masu launi, ko yumɓu. Ba ya cewa su zana yaƙi, ba ya duba kyan zane, ba ya ba da maki. In yaro ya gama sai ya ce masa, "Ba ni labarin wannan." In ya ƙi, a ƙyale shi sai wata rana. Amfanin haka shi ne abin tsoron ya fito daga kansa ya koma kan takarda, inda yake iya ninke shi ko ya rufe. Watau yanzu shi ke da iko da abin, ba abin ke da iko da shi ba. Amma zane kaɗai ba ya warkar da kowa. Ta nan ne ma'aikaci kan gane wanda ciwonsa ya yi tsanani, ya kai shi wurin likita.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wata malama, Friedl Dicker-Brandeis, ta koya wa yaran Yahudawa zane a sansanin Terezin, inda 'yan Nazi suka tsare su. An kashe ta a 1944, amma zanen yaran sama da 4,000 ya tsira, yana nan a ajiye a birnin Prague. Haka kuma a 2005 ma'aikatan Human Rights Watch sun ba yaran Darfur da ke gudun hijira a Cadi takarda da fensir. Ba wanda ya gaya musu abin da za su zana, sai ga jiragen sama suna jefa bam, ga mahaya dawaki suna ƙona ƙauyuka.

Da muka dawo hutu na ba yaron nan sabon littafi da fensir, ban tambaye shi kome ba. Bayan mako uku ya nuna mini zanen wata bishiyar darbejiya, ya ce a ƙofar gidansu take. Wannan ce maganar farko da ya yi mini.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu daina yi wa irin waɗannan yara ba'a. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana zana abin tsoro kada ku yage takardar, ku zauna ku saurare shi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.